Shekara Ashirin da Biyu Ana Jiran Fure

Sunansa na yanka ya ɓace tun tuni. Daga masinja har manaja, kowa a ma'aikatar Baba Mai Tiyo yake ce masa, don ba ka ganinsa sai da tiyon ban ruwa naɗe a kafaɗa. Shekara ashirin da biyu yana kula da lambun harabar ofis, kuma bai taɓa yarda wata shuka ta fi ƙarfinsa ba. Masu gadi kan ce ko ƙotar fartanya ya kafa a ƙasa, sai ta yi toho don kunyarsa.

Abu ɗaya ne ya gagare shi, wata doguwar bishiya a bakin wurin ajiye motoci, mai ganye sirara kamar allura. Shi ya dasa ta a makon da ya kama aiki. Ta girma har ta wuce bene, amma ko fure ɗaya ba ta taɓa yi ba. A ilimin Baba kuwa, bishiya sai ta yi fure, furen ya kaɗe, ɗa ya fito da iri a cikinsa. Haka lemo yake, haka gwaiba take. Wadda ta saɓa wa wannan, ba ta da lafiya ke nan.

Sai ya duƙufa jinya. Takin shanu, kashin kaji, takin zamani, toka, babu wanda ba ta sha ba, har faɗa yakan yi mata da safe. Ita dai abin da take fitarwa wasu dunƙulallun abubuwa ne masu ɓawo hawa-hawa. Baba ya duba, ya yanke hukuncin ƙuraje ne. Duk shekara yakan kafa tsani ya tsinke su tun suna ɗanye, ya cinna musu wuta kada cutar ta bazu.

Ana nan aka kawo sabon manaja, mai baƙar mota da yake ji da ita. Wata safiya ya tarar bishiyar ta baɗe masa ita da wani gari rawaya.

"Baba, wannan bishiyar me take tsinana mana?"

"Fure take shirin yi, ranka ya daɗe."

"Yaushe?"

"Ta kusa."

"To, na ba ta zuwa ƙarshen wata. In ban ga fure ba a sare ta, mu sami wurin mota biyu."

Hankalin Baba ya tashi, domin duk faɗan da yake mata, ita ya fi so a lambun. Da ƙarshen wata ya zo babu labari, sai ya kwashe furannin roba da matarsa ta ƙawata falo da su, ya yi sammako ya ɗaɗɗaure su a rassa da zare. Manaja ya fito daga mota ya ɗaga kai.

"Baba, ja da fari da shuɗi a reshe ɗaya?"

"Ai ta daɗe ba ta yi ba ne, ranka ya daɗe, shi ya sa ta haɗa duka."

Manaja ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce mai sara zai zo jibi.

A gida Baba ya tarar da matarsa tana cigiyar furanninta, autarsu kuma, malamar kimiyya a makarantar sakandare, ta zo gaishe su. Dole ya fasa ƙwai.

"Baba, ƙurajen nan da kake faɗa, kana da ɗaya?" in ji auta.

Ya laluba aljihu ya fito da wani busasshe da ya tsinta a gindin bishiyar. Ta buga shi a kan tebur, sai ga ƙananan iri suna zubowa, kowanne da ɗan siririn fiffike.

"Baba, irin wannan bishiyar ba ta fure, ko shekara ɗari za ka yi kana ɗura mata taki. Masu fure a cikin 'ya'yansu suke ɓoye iri. Ita kuwa a fili take ajiye nata, a tsakanin ɓawon nan. Garin da ya ɓata motar manajanku ma na barbara ne, iska ce ke kai mata shi, ba ruwanta da kudan zuma."

Baba ya ƙura wa irin ido.

"Wato 'ya'yanta nake ta ƙonawa?"

"Shekara nawa kana ce mata juya," in ji matarsa, "ashe kai ne sanadi."

Abin ya yi masa ciwo, ko abincinsa bai taɓa ba.

Washegari ya je ya zayyana wa manaja komai, har da buga abin a kan teburin ofis. Manaja ya ce lalle ya ƙaru da ilimi, amma ilimi ba ya ba mota wurin tsayawa.

Mai sara ya zo da injinsa. Baba ya juya baya, sai dai ya ji ƙasa ta girgiza. Da ya waiwayo ya ga ƙololuwar bishiyar kwance a gabansa, can inda tsaninsa bai taɓa kaiwa ba, dam da busassun abubuwan nan, ɓawonsu ya buɗe, iri ya watsu a kan siminti. Ya tuɓe rigar aikinsa ya shimfiɗa, ya durƙusa yana tsinta ɗaya bayan ɗaya. Mai sara ya nufo ƙololuwar da manyan takalmansa, sai Baba ya ɗaga masa hannu.

"Dakata, ɗana. Taka a hankali, akwai yara a wurin nan."