Garkuwar da ta ƙi kare yayana

Saura kaɗan in buga wayata da ƙasa yau a kasuwar albasa ta Madawa!

Wasan yaƙi na intanet muke yi a waya da yayana Sule, mai cin rani a Abijan. Ni ke riƙe garkuwa ina kare shi. Tun da anka sabunta wasan, kibiyar wuta ratsa garkuwata take yi, amma garkuwar abokan gaba tana tare ta. Ina kallo anka kayar da Sule.

Na ce, "Yaya, na bar wasan ga, zalunci ne!"

Ya ce, "Kai da ba ka kira na, in ka bari, a ina zan ji muryarka?"

Na koma wasan ina zagin garkuwar. Ku fa, saboda wa kuke jure wasan da kunka tsana?