Shirun da Yaya Cima Ta Bari a Kaset

Kakar bana ta cika shekara tara da muka kai Yaya Cima makwancinta. Sai da na sake ƙidayawa kafin in rubuta, don a zuciyata abin bai kai haka ba. Har yau in la'asar ta yi sanyi hannuna yakan kai kan rediyo da kansa, sai na murɗa in tuna mai shirin ba ta nan.

Wanda ba ɗan ƙasarmu ta Kurfai ba ne ba lalle ya san ta ba. Cima yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni, ita kuma ta fi kowa dukana. Tun tana budurwa ita ke ba da waƙa a dandali, in ana daka ko sussuka muryarta ake fara ji. Da aka buɗe gidan rediyon al'umma a nan Filinge aka shiga neman wanda zai riƙe shirin waƙoƙin da da gatana, wato tatsuniya, ba a yi dogon nema ba. Waƙoƙi takan yi bayan la'asar, lokacin da mata ke kan turmi. Gatana kuwa sai an yi magariba, don ta rantse ba za ta yi ta da rana ba ko shugaban ƙasa ne ya roƙe ta. Ranar wasan kwaikwayo kuma takan fito a tsohuwa mai faɗa da maƙwabta a kan akuya. Mu da muka tashi a hannunta mun san ba wani kwaikwayo take yi ba.

Allah ya ba Yaya murya, bai ba ta haƙuri ba. Ba ta jiran mota ta cika, ba ta jiran tuwo ya huce, ba ta jiran mutum ya ƙare magana. Abu ɗaya na san tana jira a duniya, shi ne amshi.

Ga yadda take yi. Takan ɗauki rakodarta ta shiga motar kasuwa, yau Bonkuku, wani mako ƙauyukan Sanam, ta zauna da tsofaffi har ta kwashe waƙar a kanta. In ta dawo ta zauna gaban mikro, sai ta ba da baitin mai waƙa kaɗai. Inda amshi ya kamata ya shigo, sai ta rufe baki. Rediyo ta yi tsit, daidai tsawon amshin, sannan ta ɗora baiti na gaba kamar an amsa mata. Haka ma gatana. In ta ce “Gatanan gatananku,” ba za ta ƙara ko kalma ba sai ta ba yaran Kurfai lokacin da za su ce “Ta je ta komo.”

Na taɓa raka ta ɗakin shirin na ga abin da idona. A cikin shirun nan ba zaune take kawai ba. Idonta a rufe, leɓɓanta suna motsi ba sauti, hannunta na dama yana sara iska yadda ake sara taɓarya. Awarwaron da ke hannun yakan ɗan yi ƙara, mikro ya ɗauka.

Shugaban gidan na lokacin, Allah ya jiƙansa shi ma, ya yi fama da ita har ya gaji. Ina tsaye wata rana ya ce mata, “Cima, rediyo ba ta shiru. Mutane cewa za su yi kuran ya ɗauke.” Kuran muke ce wa wutar lantarki a nan.

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “To in na bada waƙa na amsa ma kaina, su matan mi za su yi? Su riƙe haɓa su kalli akwati? Ni na yi rabona, saura nasu.”

Kuma suna yi. Wannan ba labari aka ba ni ba. In ka bi lungun unguwarmu bayan la'asar a shekarun nan, za ka ji murya ɗaya tana fita daga rediyon kowane gida, ta tsaya, sai gidajen su ɗauka gaba ɗaya, da turame da tafi, wannan katanga ta miƙa wa waccan. Masu zuwa cin kasuwa daga ƙauye sukan tare ta su ce, “Inna Cima, jiya kin yi gaugawa, ba mu ƙare ba kinka shigo.” Ita da ba ta karɓar gyara daga kowa, wannan takan karɓa.

Akwai wata waƙa da ta fi so, ta matan da mazansu suka tafi neman kuɗi bakin teku suka daɗe. Ita takan ce, “Gero ya nuna, wa za shi gaya ma na nesa?” Su kuma su amsa. Ni namiji ne, waƙar turmi ba tawa ba ce, ban taɓa zama na riƙe amshin ba. Na ɗauka abu ne da zai kasance nan kullum, kamar rijiyar unguwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne zuwan Haruna, wanda ke riƙe da gidan rediyon yanzu. Ɗalibina ne a da, mutum mai natsuwa, furfura ta fara fito masa shi ma. Kaset-kaset ɗin Yaya, kwali biyu, suna ɗakina tun rasuwarta, zafi yana cinsu a hankali. Haruna ya roƙa ya kwashe su cikin kwamfuta don a riƙa maimaita shirin, na ba shi da murna. Bayan ɗan lokaci sai ga shi ya dawo, ya zauna bakin tabarma yana juya hula a hannu. Izini yake nema ya yanke wuraren shirun, ya haɗe baitocin.

Na taso masa da faɗa irin na gidanmu. Ya bari na ƙare, sannan ya kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a nan, ya ce, “Mushe, ba raini ba na. Zamanin Inna Cima in rediyo ta yi shiru sai a ce kuran na. Yanzu in munka yi shiru kaɗan, waya ta dinga ƙara ke nan: lahiya? Mi ya hwaru Filinge? Akwai mai ɗa bisa hanya, akwai mai uwa ƙauye. Ba ni so in tada hankalin mutane.”

Gaskiya ya faɗa. Wanda ke zaune a ƙasar nan ya san abin da shekarun nan na rashin tsaro suka yi mana. Hanyoyin da Yaya ke bi da rakodarta, yau mutum sai ya yi tambaya kafin ya bi su. Wasu garuruwan da ta kwana a ciki babu mai kwana a cikinsu yanzu. Mutanensu suna nan gefen gari da cikin kangaye. Bayan katangata ma akwai wasu mata daga wajen Sanam, damina biyu ke nan. Babbarsu Hajo ake ce mata, doguwa, ba ta da yawan magana. Muna gaisawa, mukan miƙa musu abin da ya samu, amma ban taɓa jin dariyarta ba.

Sai Haruna ya ƙara da abin da ya fi ci mini rai. Ya ce ya so ya sa 'yan wasan kwaikwayonsu su cika gurbin, ya tara su ya kunna musu, babu wanda ya san amshin ko ɗaya. “To wa za shi amsa, Mushe?”

Tambayar nan ta bi ni kwana da kwanaki. Sai a lokacin na gane girman kasadar da Yaya ta yi. Amshin waƙoƙin nan ba ya cikin kaset ko ɗaya. Da gangan ta ƙi ɗaukarsa, ta bar shi a bakin mutane. In bakunan sun manta, rabin kowace waƙa ya tafi ke nan, kuma ita ta bar shi ya tafi. Na zauna ina faɗa da ita a zuciya kamar tana gabana. Yaya, da kin rera shi ko sau ɗaya, me zai ragu a jikinki? Kin amince da mutane fiye da yadda zamani ya bar su su cika alkawari. Jikokina mata suna nan, kowace da wayarta a tafin hannu, waƙar duniya duk tana ciki, an ba da ita an amsa, ba a bar musu komai su yi ba. Gero ma inji ake kai shi.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Wayar ba za ta ba ta tsoro ba, na san ta, da tuni ta koyi aika murya tana damun mutane da asuba. Abin da zai karya mata zuciya shi ne ta ji an wayi gari a Kurfai shiru ya zama abin tsoro. Ita a wurinta shiru wuri ne da ake matsa wa wani ya zauna.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa Haruna ba, don nauyinsa nake ji. In na kunna kaset ɗin ni kaɗai, ba waƙar nake jira ba. Muryar waƙa ta kowa ce, duk Kurfai sun san ta. Shirun nake jira. A cikinsa ake jin numfashinta, da ɗan ƙarar awarwaron nan, wani lokaci har da gyaran zama a kan kujera. Nan ne yayata take, wadda ta goye ni. In aka yanke shi, mawaƙiyar za ta saura, Yaya kuwa za ta sake tafiya. Ina kewarta, kewar da ban san tsoho yana iya yi ba.

Daga ƙarshe muka yi sharaɗi da Haruna. Zai sa shiri ɗaya yadda yake, ranar da ta cika shekara tara, bayan ya yi sanarwa cewa shirun na cikin shirin ne, kada kowa ya firgita. In garin ya yi tsit, ya yanke sauran, ba zan ƙara magana ba.

Ranar na fito da kujera tsakar gida bayan la'asar, na ɗora rediyo a kan katanga na ƙure murya. Jikokina suna gindin bishiya. Bayan katanga ana daka, taɓarya ɗaya, a hankali. Haruna ya yi sanarwarsa, sai ga muryar Yaya, tas, kamar jiya ta fita gidan nan.

“Gero ya nuna, wa za shi gaya ma na nesa?”

Ta tsaya. Na kasa kunne. Babu komai sai kukan akuya can nesa. Dakan bayan katanga ma ya tsaya. Jikata ɗaya ta ɗago kai ta ce, “Kaka, ta lalace ne?” Na ɗaga mata hannu. Awarwaro ya yi ƙara, Yaya ta ɗora baiti na gaba da ƙarfinta, ba ta san babu wanda ya amsa ba. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Ta sake tsayawa, aka sake barinta ita kaɗai. Na ce a raina, shi ke nan Yaya, kin yi rabonki.

Na miƙe zan rage muryar ke nan Yaya ta dawo kan baitin farko, sai na ji taɓarya ta sauka a turmi. Wata murya ta taso daga bayan katanga, dusasshiya, tana rawa, irin muryar da ta daɗe a ajiye.

“Ku komo, ku komo, muna nan gida.”

Hajo ce. Daidai tsawon shirun, ba ragi ba ƙari, tana rufe baki Yaya ta shigo. A zagaye na gaba muryoyin sun zama uku ko huɗu, taɓarya ta biyu ta shiga. Can ƙasan lungu wata tsohuwa ta ɗauka. Ba unguwar da ba ce, ba zan yi ƙarya ba, gidaje da yawa ba su motsa ba. Amma kafin waƙar ta ƙare na ga leɓɓan jikata suna bi. Na koma na zauna, na ja rawani na rufe fuska, don bai kamata yara su ga abin da idona ke yi ba.

Sai daga baya maganar amshin ta dame ni. Matan da aka raba da garinsu, suna cikin kangon wani, na sa su suna cewa suna nan gida. Da safe na tsaya bakin ƙofarsu muka gaisa, na ce wa Hajo in waƙar ta fama musu ciwo ne, su yafe mini, yayata ce mai yin ta.

Ta ce ta sani. Ta ce uwarta ce ta ba Cima waƙar nan, a gindin rumbunsu, ita Hajo tana riƙe da rakodar.

Haruna bai yanke ba. Ya ce an kira shi ranar, wasu da tsoro, wasu suna tambayar yaushe za a sake. Yanzu kafin kowane shiri yakan yi sanarwar nan tasa. Ban san shekara nawa amshin zai ƙara yi a bakin mutane ba, ban kuma sani ba ko Yaya ta yi daidai a kan sauran waƙoƙin, don akwai waɗanda aka sa har yau ba a amsa ba. Muryarta dai tana cikin kwamfuta, an ce ba za ta goge ba. Abin da na fi ɗauka nata ne ya saura shi ne wurin nan da ta bari, da wanda ya shiga ciki.

Don kafin in juya daga ƙofarsu ranar nan, Hajo ta gyara mayafinta ta dubi ƙasa ta ce, “Mushe, tun da munka zo garin ga, kowa tambayarmu shikai sunanmu da mu nawa na, kahin mu ƙare magana an wuce na gaba. Ita Cima ɗai ta jira mu.”

Allah ya jiƙan Yaya Cima, ya sa ta huta. Ya mai da kowa gidansa.