Ranar da Na Rubuta Kwatancen Gidanmu

Ni matsoraciya ce, kowa a gidanmu ya san haka. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai cikina ya ɗuri ruwa. Amma ban san tsoro na gaske ba sai shekarar da na koyi kwamfuta.

A Hindawiyya, wata unguwa a Makka, aka haife ni. Baba mutumin Damagaram ne, ya zo aikin Hajji yana saurayi, ya zauna bai koma ba. Ba shi da iƙama, wato takardar zama, kuma wanda aka kama babu ita jirgi ake sa shi a mayar da shi ƙasarsu. Tela ne, a ɗakin ƙasa yake ɗinka jallabiya. Idan Hajji ya gabato bincike ya tsananta, ko bakin layi ba ya leƙawa. Dokar gidanmu guda ce: ba a faɗa wa baƙo inda Baba yake.

Ina shekara goma sha tara aka buɗe wa mata ajin kwamfuta a saman wani kantin yadi, ba sa tambayar takarda. Kwamfuta shida, layin waya ɗaya. Kafin layin ya kama sai ya yi ta kuka kamar kyanwar da aka taka wa wutsiya. Malamarmu doguwar mace ce marar fara'a, Larabci zalla take yi, duk muna shakkarta. Ita ta sa mu a wani dandalin koyon nahawu, inda ɗaliba za ta rubuta tambaya daga Makka, wata ta amsa mata daga Madina ko Kartum. Abin ya shiga raina sosai. Ni da ban taɓa wuce Jidda ba, sai ga ni ina gardamar nahawu da matan da ban san fuskarsu ba.

Wata rana, a ƙarƙashin amsata, wata ta rubuto da Hausa: "Ke Bahausa ce?" Ɗaliba ce a Yamai, amma asalinta 'yar Damagaram. Muka buɗe shafinmu a can ƙasan dandalin, muka yi ta zuba. Da na faɗi unguwar su Baba, sai ta ce ai mahaifiyarta maƙwabciyar yayarsa ce. Yayar nan ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, rabonsa da ita ya fi shekara ashirin. Ta ƙara da cewa mahaifiyar tata za ta zo Hajji bana, za ta taho masa da saƙo.

Daɗi ya kwashe ni. Mu kuwa idan baƙo zai zo, ba a barin shi ya yi ta yawo, kwatance ake yi masa har bakin ƙofa, a kuma gaya masa lokacin da zai iske mai gida. Haka na yi. Na rubuta masallacin da za ta wuce, da mai sayar da ful, wato dafaffen wake, a kwana, da ƙofarmu shuɗiya. Sannan na rufe da cewa: "Kullum za ta same shi a gida, ba ya fita a lokacin nan saboda ba shi da iƙama." A ganina hira ce ta mu biyu, kamar mata a tsakar gida. Ranar Laraba ce, aji kuma ba zai sake buɗewa ba sai Asabar.

Ina hanyar gida abin ya faɗo mini. Shafin nan ba shi da ƙofa. Duk wanda ya shiga dandalin zai iya buɗe shi, daga ko'ina, kuma masu jin Hausa a garin nan ba su ƙirguwa. Na tsaya cak a gaban mai ful.

Alhamis da Juma'a ban ci abin kirki ba. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai na leƙa ta taga. Baba yana ƙasa kekensa na ta ƙara, yana waƙa ƙasa-ƙasa, bai san 'yarsa ta kafe kwatancensa a kasuwa ba. Na ji haushin kaina, na ji haushin kwamfutar, har yarinyar Yamai na ji haushinta, baiwar Allah da ba ta yi mini komai ba.

Ranar Asabar na riga kowa zuwa. Layin ya kama, na buɗe shafin, rubutun babu shi. Malama ta tsaya a bayana, ta sunkuyo, ta yi magana da Hausa tsantsa irin ta tsofaffin Sakkwato:

"Ni na goge shi yau da sahe, ɗiyata. Amma kwana uku ya yi a sarari, mutane da yawa sun buɗe. Tai ki hwaɗa ma babanki."

Ashe kakanninta Sakkwatawa ne, ta Sudan suka shigo ƙasar nan. Ban ma samu bakin yin mamaki ba.

Na iske Baba yana yanka yadi, na durƙusa na faɗa masa komai. Ya ajiye almakashi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana.

"Uwata, mutum nawa suka gani?"

"Ban sani ba, Baba."

"To, kalas, shi ke nan. Abin da ya zube ba ya kwasuwa."

Umma ce ta yi faɗan, kuma ta yi shi har da na gobe. A ganinta ma babu wata yarinyar Yamai, tarko ne aka ɗana mana. Washegari bayan azahar Baba ya kwanta a bayan motar kayan wani abokinsa, aka kai shi wata gona a bayan gari inda ake kiwon awaki. Babu waya a can. Aka yi da shi zai zauna har alhazai su watse.

Makonni suka wuce, babu wanda ya zo bincike. Sai kwana biyu bayan an gama jifa, da la'asar, aka buga ƙofa. Wata tsohuwa ce ita kaɗai, da jaka a hannu da 'yar takarda mai kwatancena. Ta yi sallama, ta tambayi Baba da cikakken sunansa.

"Babu mai wannan suna a gidan nan, Hajiya," in ji Umma ta bayan ƙofa.

Sai tsohuwar ta faɗi wani sunan Baba na yarinta, wanda yayarsa kaɗai ke kiransa da shi. Umma ta buɗe ƙofa tana ta ba da haƙuri. Hajiya ta zauna, ta sha ruwa, ta fito da kilishi da daddawa da kaset ɗaya mai muryar yayarsa. Motarsu za ta tashi zuwa Jidda bayan magariba, babu yadda za a kai ga Baba.

"Cewa yayarsa ta yi in kalle shi da kyau," in ji Hajiya, "in koma in gaya mata ko ya yi furfura, ko har yanzu yana da wushiryarsa. To, me zan ce mata?"

Ni na kwatanta mata shi, ina kuka. Kwatance dai, abin da na iya ke nan.

Da Baba ya dawo ya saurari kaset ɗin sau ɗaya, shi kaɗai, ya sa a akwati. Bai taɓa yi mini gori ba. Yayarsa ta rasu kafin Hajji mai zuwa. Ranar da labarin ya iso, ya kira ni ɗakin ɗinki, ya ce in zauna.

"Uwata, da kika kwatanta ni, kin ce mata na yi furfura?"

Na ce na faɗa.

"Da kin ɓoye mata," in ji shi. "Ina yaro ta bar ni, ina nufin ni na bar ta. Da ta tafi da ni a haka."