Tumakin 'Yar Tafoki

Littafin lissafin da ake ba mu cike yake da misalan kuɗin ruwa na banki. A sakandaren da na koyar a Faskari waɗannan misalai ba sa shiga. Da na rubuta ɗaya a allo, sai wani daga kujerun baya ya ce, "Malam, wannan ai haramun ne," aji ya fashe da dariya, darasi ya mutu. Sai na bar banki na koma kasuwa: buhun masara da kaka da kuma farashinsa da marka, ragon da aka saya bayan sallah aka turke shi har wata sallar. Nan da nan kashi cikin ɗari ya zama abin gardama har bayan an tashi.

A ajin akwai wata yarinya da ake kira 'yar Tafoki, don can iyayenta suke, a gari kuwa tana zaune wurin gwaggonta. Ba ta cika magana ba. Ranar da na fara bayanin yadda riba ke haifar riba, ta ɗaga hannu.

"Malam, in tunkiya ce hwa?"

"Tunkiyar wa?"

"Tawa. Kakata ta ba ni."

Tunkiyar uda ce, gabanta baƙi, bayanta fari. An ba da ita kiwo ga wani dattijo makiyayi da ke da ruga bayan ƙauyensu, wanda take kira Baffa. Sharaɗin shi ne wanda aka saba a wajen: haihuwa ɗaya ta mai dabba, ta biye ta mai kiwo. Nata 'ya'yan ana yi musu tsaga a kunnen hagu, su ma su ci gaba da haihuwa bisa wannan sharaɗi. Burinta garken ya biya mata jarrabawar kammala sakandare, sannan ya kai ta makarantar koyon aikin jinya. Mahaifinta ya riga ya gaya mata gonarsa ba za ta iya ba.

Na ajiye littafin. Muka zana tunkiyar a saman allo, muka ja rassa ƙasa, haihuwa bayan haihuwa, muna ware rabon Baffa. Wani ya ce a sa tagwaye. Wani ya ce, "Kai dai tumakin gidanku ko ɗaya da ƙyar suke haihwa." Da muka kai ƙasan allo, rassan sun cika shi. 'Yan ajin suka koma kiranta Hajiya mai garke. Ban taɓa ganin aji ya gane darasi kamar wannan ba.

A zango na gaba hanyoyi suka fara lalacewa. Motocin Ƙanƙara suka rage zuwa, mutanen ƙauyuka suka riƙa shigowa gari da tabarmi da tukwane. Ba a kiran masu bindigar da wani suna sai mutanen daji, shi ma da murya ƙasa. 'Yar Tafoki ta zo mini da saƙon kakarta: a sayar da tumakin duka tun da sauran mai saye.

"Malam, mi lissahi ya ce?"

Muka sake hawa allo. A sayar yanzu a farashin tsoro, ko a bari su yawaita. Bari ya fi riba nesa ba kusa ba. Sai wani ɗalibi ɗan Sabuwa, wanda gidansu ya riga ya tashi, ya ce, "Malam, su mutanen daji a wane layi ake sa su?"

Akwai babin da ke auna yiwuwar aukuwar abu, kuma na iya shi. Na ce su ba ni adadi: cikin goma, sau nawa garke ke kwana lafiya? Babu wanda ya yarda ya faɗi lamba. Na lura wasu na motsa baki suna addu'a. Na gaya mata gaskiya, cewa allo bai san wannan ba, abin da kawai ya sani shi ne jarin da aka raba wuri biyu ba ya tafiya lokaci guda. Ta sayar da rago ɗaya ta biya kuɗin jarrabawa, ta bar matan wurin Baffa.

Kafin damina ta ƙare rugar ta watse. Aka ce Baffa ya kora dabbobi ya yi wajen Sabuwa, yana gudun mutanen daji, yana kuma gudun masu farautar mutanen dajin, waɗanda ba sa tsayawa tambayar makiyayi ko shi wane ne. Ita kuwa 'yar Tafoki ta rubuta jarrabawa. Ta ci lissafi da kyau. Ni na fara ganin sakamakon. Ba ta zo karɓa ba. Gwaggonta ta ce iyayen sun kwashe sun yi kudu da ita, lambar wayarsu ta daina shiga. Daga baya ita ma gwaggon ta tashi.

An daɗe, har na daina tambaya. Wata ranar kasuwa mai gadin makaranta ya kira ni bakin ƙofa. Wani mutum ne ramamme, da sanda, riƙe da igiyar tumaki uku.

"Kai ne malamin da ke lissahin tumaki?"

Na ce ni ne.

"Baffa ya rasu. Ya ce amanar ɗiyar nan ce, a kai mata. Na tahi Tafoki ban iske kowa ba. Ta taɓa ce mashi malaminsu ya san yawansu."

Na duba kunnuwansu. Tsaga a hagu, duka ukun. Ɗaya uda ce, amma ba tsohuwar ba. Ban tambaye shi sauran ba, shi ma bai faɗa ba. Ya ƙi shan ruwa, yana son komawa da sauran rana.

Suna bayan gidana yanzu. Matata ta ce tunda kiwon ya dawo hannunmu, sharaɗin ma ya dawo, don haka haihuwa ɗaya tamu, ɗaya tata. Ni nake yin tsagar da reza. Duk wanda na ji zai yi kudu sai na ba shi sallahu, na kwatanta masa ita da mahaifinta. Sau ɗaya wani direba ya ce ya ga mai kama da ita a wani kantin magani, da aka bincika ba ita ba ce.

Har yanzu ina koyar da darasin. Nakan zana tunkiya a saman allo in ja rassa, yara su yi ta musu kan tagwaye. Nata garken ya isa kuɗin shiga makarantar jinya tun bara. Da sallah mahauta sun zo sun taya ragunan masu tsaga da daraja, na ce ba nawa ba ne.