Uwar Maƙerar Maigidana

Ɗan maigidana ya zalunce ni. Ya hana ni ƙaramar uwar maƙerar da tsohon ya ce tawa ce tun yana raye. Jiya na gan ta a ƙofar gidansu a Konni, an ɗaure rago a jikinta.

A kanta muke yanke sarƙar injin yankan itace, lokacin da ake share daji wajen Tsarnawa. Sarƙa a naɗe take zuwa, doguwa, kowane inji kuwa da tsawon ƙarfen bakinsa. Baba, maigidan nawa, ba ya awo. Sai ya zagaya da ita jikin ƙarfen, ya ɗora ta a kan uwar maƙera, bugu ɗaya ƙusar haɗin ta fita. Har yau ina jin warin baƙin mai na hannunsa. Ranar da na ɗaure wata sarƙa tamau a inji, ya taɓa ta da yatsa, ya ce, "Sassauta, ɗana, bar mata wurin numfashi."

Jiya ɗin na yi sallama, ɗan ya fito. Na ce, "Riƙe ta, Alhaji, ba karɓa na zo yi ba. Allah ya jiƙan Baba, ya hutar da hannun nan nasa. Amma kwance ragon nan. A kan ƙarfen nan aka ciyar da kai."