Sadakar Mutanen Cikin Talabijin

Tun da Inna ta rasu a bazarar bara nake ƙoƙarin riƙe abubuwan da nake tunawa da ita, kuma da yawansu sun fara dushewa. Amma akwai wani yammaci guda a Rano, da Juma'ar da ta biyo bayansa, waɗanda na san ba za su bar ni ba har ranar da za a kai ni inda aka kai ta.

A lokacin ina acaɓa tsakanin garinmu Nariya da Rano. Mu biyu ne maza a wurin Inna, ni da yayana, wanda shi ne ɗanta na fari. Yaya direban babbar mota ne, yana kai albasa kudu. Shekara shida kafin wannan yammacin ya tafi bai dawo ba. An samu motar a ƙone a gefen hanya lokacin wani tashin hankali, ba kowa a ciki, ba a kuma ga gawa ba. Baffanmu, wanda ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinmu, sau biyu yana kawo maganar a yi masa addu'a a yi sadaka, sau biyun ni na tsaya na hana. Na ce ba za a yi zaman makokin mutumin da ba a ga gawarsa ba. Inna ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba. Irin matan dā ce masu kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ya shigo gaishe ta, takan amsa tana duban wani gefe, in kuwa aka fara hirarsa sai ta nemi abin yi a madafa. Ko da ya ɓace, masu zuwa jaje ƙannenta suke tararwa, ita tana ɗaki. Ni kuwa na ɗauki shirun nata a matsayin tana bayana.

Ranar da nake magana a kai, na kai Inna asibiti ne a Rano a duba mata hawan jini. Damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai. Mun fito ke nan muna kusa da kasuwa hadari ya haɗo daga gabas, kafin mu kai bakin gari ruwa ya sauko. Na karkata da babur zuwa shagon wani abokina mai gyaran rediyo da talabijin. Ya gaishe da Inna har ƙasa, ya kakkaɓe mata benci, ya ce ta yi haƙuri da ƙurar shagon gwauro. Ta ce ai gara ƙura da jiƙewa.

Yana gwajin wata tsohuwar talabijin ce da ya gyara mata hoto, murya ta ƙi fitowa. Ya saka wani faifai da wani ya manta a cikin na'urar bidiyon da ya kawo gyara. Fim ne na Turawa, tsoho ƙwarai, baƙi da fari. Saboda haka mu uku muka zauna muna kallon mutane suna motsa baki ba a jin komai, sai ruwa a kan kwano da gurnanin janareto a waje. Har yau in na tuna, ji nake kamar a mafarki na gan shi.

An nuno wani birni da ban san ko akwai irinsa ba, gine-gine sun shige cikin gajimare, motoci suna tafiya a sama ba taya. An nuno wasu maza da fararen riguna sun kewaye wani inji mai fitilu da yawa, suna gardama. Ɗayansu ya girgiza kai ya fita. Wani ya sa yatsa ya danna wani abu. Sai allon ya yi fari fat, har na ɗauka talabijin ce ta sake lalacewa. Daga cikin farin nan hayaƙi ya miƙe a hankali, ya yi tsawo, ya buɗe kai kamar ƙatuwar bishiyar rimi, yana ta girma ba sauti. Abokina ya ce wannan shi ne makamin nukiliya, wanda ake ce wa ƙare-dangi, kuma an shirya fim ɗin ne don a ja kunnen masu ƙera shi. Inna ba ta nuna ta ji ba. Ita da ba ta damu da kallo ba, ga ta ta gyara zama, mayafinta ya zame daga kafaɗa ba ta kula ba.

Bayan haka toka ta yi ta zuba daga sama kamar auduga. Waɗanda suka tsira a cikin ramuka suka fito sanye da wasu kaya masu gilashi a fuska, suna tafiya a hankali cikin kangaye. Babu gawa ko ɗaya. Abin da ya rage a jikin bango inuwoyi ne kawai: inuwar mai keke, inuwar mai ɗauke da kaya, inuwar wani da ya ɗaga hannu kamar zai kira wani. Sai ga wata tsohuwa, ita ba ta sa gilashin ba, tana bin bango ɗaya bayan ɗaya. Duk inuwar da ta tarar sai ta tsaya kusa da ita, ta ɗaga hannu ta gwada tsawonta, ta girgiza kai, ta wuce ta gaba.

Inna ta tambaya, ba tare da ta ɗauke ido ba, ina gawarwakin suke. Abokina ya ce zafin ya cinye su, ko ƙashi bai bari ba.

Ta ce, "To wa ya yi musu sallah?"

Muka yi 'yar dariya, ni da shi. Sai faifan ya cije. Hoton ya tsaya cak a kan tsohuwar, hannunta a sama. Abokina ya fitar da faifan ya goge da riga ya mayar, ya sake tsayawa a wurin. Har yau ban san yadda fim ɗin ya ƙare ba.

Ruwa ya ɗauke bayan la'asar. Duwatsun Rano sun yi shuɗi, farin hazo yana kwance a ƙugunsu, ruwan da ya taru a hanya ya ɗauki hoton sama, har nake ji kamar a kan gajimare nake tuƙi. Haka muka yi ta tafiya har muka kusa gida. Can Inna ta ce in gaya wa Baffa za ta yi sadaka ranar Juma'a, a kira liman. Na tambaye ta sadakar wa. Ta ce ta mutanen nan.

Kafin Alhamis labari ya zaga gari. A tashar acaɓa abokan sana'ata suka sa ni gaba. Wani ya ce in sanar da su ranar arba'in don su share aiki. Wani ya ce yana da fim ɗin da jirgin ruwa ya nutse da mutane, in Inna na da sauran gero a haɗa da su. Na yi dariya tare da su. Kunya nake ji, kuma yanzu na san ba kunya kaɗai ba ce. Akwai wani tsoro a ƙarƙashinta da ban yarda in duba ba.

Ranar Juma'a da hantsi na shiga gida na tarar mata sun cika tsakar gida, ana dakan gumba, ana suyar waina. Inna na zaune a kan tabarma tana cura gumbar tana jerawa a faranti. A gaban kowa na tsaya na ce mata wannan abu fa wasa ne. Na ce 'yan wasa ne aka biya su, birnin ma na kwali ne, babu wanda ya mutu, da aka gama ɗauka kowa ya kakkaɓe rigarsa ya koma gidansu. Taɓarya ta tsaya. Inna ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Kowa ya koma gida?"

Na ce kowa.

"Madalla da su." Ta ajiye curin da ke hannunta, ta ɗebi wani. "Ni dai na riga na jiƙa gerona, ɗan nan. Ka bar ni in yi wa wani."

Na fita. Baffa na zaune a zaure, ya ji duk abin da aka yi. Ya ce in zauna. Ya ce Inna ta ga majigi tun tana yarinya, tun ba a san za a haife ni ba, ta san wasa ta san gaske. Ya ja carbinsa, sannan ya ce, "Ita ba za ta iya faɗin sunansa ba, kai kuma ka hana kowa ya faɗa. Shekara shida tana jiran ka gaji."

Ban san yadda na yi sallar Juma'a ba a ranar. Ina cikin sahu, amma abin da nake gani tsohuwar nan ce tana bin bango tana gwada tsawon inuwa. Na tuna duk lokacin da babbar mota ta tsaya a bakin hanya, Inna takan bar abin da take yi ta ce za ta duba awaki a waje. Awakin kuwa suna ɗaure a bayan ɗakinta.

Bayan an sauko, liman ya zo zaurenmu da dattawa kaɗan. Aka shigo da farantan gumba da waina. Malam ya gyara murya, ya ce ya ji labari iri-iri a gari, shi kuwa bai san mutanen nan ba, bai san addininsu ba, yana so a gaya masa wa za a yi wa addu'a. Baffa ya dube ni. Ta ƙasan labulen ƙofar cikin gida ina hango ƙafafun Inna, tana tsaye.

Na buɗe baki sau ɗaya, abin ya ƙi. A na biyu na faɗi sunan yayana, na haɗa da sunan mahaifinmu, na ce Allah ya jiƙansa. Ban taɓa haɗa sunansa da wannan addu'ar ba sai ranar. Malam ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya ɗaga hannu. Ya roƙa wa Yaya gafara da rahama a duk ƙasar da ta rufe shi, ya roƙa wa duk Musulmin da ya rasu ba a samu mai yi masa sutura ba, ya roƙi Allah ya tsare duniya daga wutar da mutane ke ƙerawa da hannunsu. Daga bayan labule na ji amin ɗin Inna, a hankali. Bayan amin ɗin na ji kuka, ba mai ƙarfi ba, irin na wanda ya daɗe da gajiya. Dattawan suka sunkuyar da kai, babu wanda ya waiwaya, suka bar mata kunyarta.

Aka raba sadakar ga yara da maƙwabta. Da na shiga ciki na tarar ta kwanta a kan tabarmar da ta yi aikin, barci ya ɗauke ta tun da sauran rana, ƙanwarta tana yi mata fifita. Har ta bar duniya ba ta faɗi sunansa ba, ba ta kuma taɓa yi mini maganar abin da na faɗa mata a gaban mata ba. Ni ma ban nemi gafararta da baki ba, kuma wannan yana cikin abin da ke damuna yanzu.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma da tsada na same shi. Na ɗauka ina riƙe wa Inna bege ne, ashe kaina nake karewa, ita kuwa na bar ta da mamacin da ba ta da ikon yi wa kuka. Shirun mutum ba yardarsa ba ne. Idan wanda kake ƙauna ya tashi yin abin da ya yi maka kama da wauta, kada ka yi gaggawar gyara masa. Ka fara tambayar kanka abin da ka hana shi yi.