Usur a Kan Faifai

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Asabar, cikin marka, al'amarin ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai domin agogon aljihun kakana yana hannuna, shi ya ce in duba masa. Har yau idan yaran layinmu suka busa usur suna tamola, sai in ji sanyin agogon nan a tafin hannuna, in ji warin man zafin da ake shafa wa tsohon a ƙafa.

Kakana tela ne, iyayensa daga Zariya suka zo Jalingo. Shi ya kafa ƙungiyar ƙwallon unguwarmu ta Majidaɗi tun Bature na mulki, shi ya ɗinka musu rigunansu na farko da ragowar yadi, shi ne kuma manajansu tun kafin a haife ni. Alamar manajancin wani usur ne na ƙarfe mai igiyar fata. Wanda usur ke wuyansa shi ke faɗin wa zai buga, wa zai zauna. Tun farko kakana ya kafa doka cewa usur ba a karɓarsa, kai wa mutum ake yi. Ranar da mai shi ya gaji, zai ɗora shi a faifai, ya aika wa magajinsa a fili, kowa na gani.

A daminar nan ƙafar kakana ta kumbura, ya daina fita. Sai gari ya ɗauka cewa ranar Asabar za a kai usur. Ba wanda ya tsaya tambayar wa za a kai wa. Baffana, ƙanen mahaifina, shi ya fi kowa cin ƙwallo a ƙungiyar, kuma ɗan gida ne. 'Yan unguwar Sintali sun ci mu sau uku a jere, magoya bayanmu sun gaji da sunkuyar da kai a Kasuwar Jalingo. Mahauta suka yi alkawarin rago. 'Yan dako suka haɗu suka saya wa baffana hula. Makaɗa suka shirya masa kirari. Abin da ake faɗa a rumfuna shi ne, bari usur ya shiga wuyan ɗan tela, a ga wanda zai sake cin mu. Ba wanda ya ƙara tuna cewa bara baffana ya karya ƙafar wani ɗan wasanmu a wajen atisaye, don kawai bai miƙo masa ƙwallo ba.

Ni kuwa shekarata goma sha ɗaya, ina elemantare. Kullum kaina na cikin littafi, ba na magana sai an tambaye ni. Ban taɓa zuwa filin ƙwallo ba. Abin da aka san ni da shi a gida, idan aka aike ni sayen allura, allura nake kawowa, ba na biyawa ko'ina.

Da na faɗa wa kakana lokaci, sai ya cire usur daga wuyansa ya ɗora a faifai. Mahaifina ya miƙo hannu zai ɗauka.

"Ba kai ba," in ji kakana. "Je ka fili. Bar mini mai littafi."

Mahaifina ya fita. Ɗakin ya rage ni da shi, sai kakata da ke zaune a bakin ƙofa tana ɓare gyaɗa.

"Kin san golanmu? Kafintan nan Bamumuye?"

Na ce na san shi, shi ya gyara mana ƙyaure.

"Shi za ki kai wa. A hannunsa. Kada ki tsaya wurin kowa. Maimaita."

Na maimaita.

An yi ruwa da safe, hanya duk taɓo. Na riƙe faifan da hannu biyu, tun daga nesa ina jin kalangu. Da na isa, mutane suka dare mini hanya suna tafi. Baffana yana tsaye a tsakiyar fili da sabuwar hularsa. Da ya hango ni sai ya yi murmushi, ya cire hular, ya sunkuyar da kansa don in rataya masa.

Na wuce shi.

Kalangu ya ci gaba na ɗan lokaci, sannan ya tsaya. Ina jin ƙarar ƙafata a cikin taɓo. Na doshi gora biyun da aka kafa a matsayin raga, inda golan yake tsaye yana goge hannu a wandonsa. Hausarsa irin ta mutanen kan dutse ce, ba ya bambanta mace da namiji.

"Yarinya, ka yi kuskure," in ji shi a hankali. "Ga baffanka can."

Na ce, "Kai aka ce in kawo wa."

Ya daɗe yana kallon faifan. Sannan ya sa hannu biyu ya ɗauki usur ɗin.

Dutsen farko a gora ya sauka. Na biyu ya kaɓar da faifan daga hannuna. Wani mahauci ya yi ihu cewa an sayar da ƙungiya, sai filin gaba ɗaya ya taso mana. Na ga baffana ya zare gora ɗaya daga ƙasa, ya ɗaga ta sama, ya sauke wa golan a kafaɗa. 'Yan uwan golan da suka zo kallo suka kutso da sanduna. Mutanen da jiya suke ihu tare a kan ƙwallo ɗaya suka koma fasa wa juna kai. Makaɗi ya bugi wani da kalangunsa har fatar ta yage. Wani ɗan dako ya cafki kitsona ya ja ni a ƙasa yana cewa, "Maƙaryaciya! Wa ya aiko ki?" Mahaifina ya shigo don ya ƙwace ni, sanda ta same shi a hannu, na ji ƙashin ya yi ƙara.

Golan ne ya fizge ni. Ya kifa ni a ƙasa ya rufe ni da jikinsa. Ina jin duwatsu suna sauka a bayansa, kowanne da nishinsa. Da ya ɗago kai don ya ga ko akwai hanyar fita, sai dutse ya same shi a idon hagu. Jininsa ya zubo mini a wuya, da ɗumi, ya gauraye da taɓo. Bai sake ni ba, bai kuma saki usur ba, har 'yan doka suka iso da kulake suka watsa taron.

Labari ya riga mu zuwa gida. Kafin magariba ɓarin jikin kakana ya shanye, harshensa ya ɗaure. Kwana tara ya yi yana kallon rufin ɗaki, ya rasu bai ce uffan ba.

Shaida ɗaya ta rage mini. Manyan gida suka taru a zaure, aka kira kakata, aka tambaye ta me tsohon ya ce. Ta ce, "Ni gyaɗa nake ɓarewa. Ban ji komai ba."

Daga nan aka yanke cewa ko dai na rikice, ko an zuga ni. Baffana ya mare ni a gaban kowa har kunnena ya yi mako yana kuka. Bai sake amsa gaisuwata ba har ya bar duniya. Matan gida suka riƙa cewa ni na kashe tsohon. A makaranta aka sa mini suna mai faifai. Na ƙara shigewa cikin littattafaina. Abin da ya fi cina, da aka yi ta maimaita mini cewa ƙarya nake, sai ni ma na fara tambayar kaina ko da gaske na ji abin da na ji.

Ƙungiyar ta rabu biyu. Golan, da ido ɗaya, ya riƙe waɗanda suka tsaya. Bayan damina biyu suka ci Sintali, mahautan nan suka ɗauke shi a kafaɗa suka zagaya kasuwa da shi. Ni ba wanda ya zo ya ce mini komai.

Yanzu filin ya zama shaguna. Na yi aikin koyarwa har na ajiye. Nakan ji a rediyo ana gardamar sabon kocin da za a kawo wa wata ƙungiya, magoya baya suna rantsuwa cewa wane suke so, in ba shi ba ba za su yarda ba. Jikokina suna dariya, ni kuwa sai in rage muryar rediyon. Na san yadda irin wannan son yake idan ya ɗauki dutse.

Kakata ta yi tsawon rai, har ta binne baffana. Ina da 'ya'ya uku lokacin. Wata hantsi ina yanke mata farce a tsakar gida, hannunta a cinyata, sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

Na ce, "Kaka, ranar nan, kin ji ko ba ki ji ba?"

Ba ta tambaye ni wace rana ba. Ta janye hannunta, ta dubi farcen da na yanke, sannan ta mayar mini da shi.

"Na ji," in ji ta. "Har maimaitawarki na ji. Tsohon cewa ya yi a kai wa kafintan. Ya san duk namijin gidan nan da ya ba wa faifan, a wuyan baffanki zai sauke shi, shi ya sa ya kira ki. Ke kin kai inda aka aike ki. Ni ce na kasa. Da na ce na ji, da na tozarta ɗana a gaban zaure. Na duba ku biyu, sai na ga ke za ki iya ɗauka, shi ba zai iya ba. Ƙarasa mini wannan yatsan."